A Bar Ɗan Luggere Ya Ɗauki Hoton Unguwarsa

Da la'asar sakaliya, lokacin da zafin Jimeta ya fara sassautawa, ƙarar jirgi kan ratso ta saman rufin kwanon Luggere. Mai shayi ba ya ɗaga kai, ya saba. Mai Keke Napep ma haka. Amma a bakin wani shagon cajin waya, wani saurayi ya riga ya miƙe, ya ɗaga wayarsa da hannu biyu yana bin jirgin da ita har ya ɓace a bayan bishiyar mangwaro. Da ya duba abin da ya samu, jirgin bai fi ƙuda girma ba. Wani dattijo da ke kan benci yana jan carbi ya dube shi ya ce, "Kai ɗan nan, aikin me ke nan? Wa ya aike ka?" Saurayin ya rusuna ya ce, "Ba kowa, Baffa, sha'awa ce kawai." Dattijon ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirya.

A cikin tambayoyin nan biyu akwai dukkan tuhumar da gari ke yi wa mai ɗaukar hoto: ko dai zaman banza ya yi masa yawa, ko kuma ɗan leƙen asiri ne. Ta farko ba ta da tushe ko kaɗan. Ta biyu tana da tarihi, kuma dole a saurare ta kafin a amsa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutanen Jimeta sun ga ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka yi ta kwararowa Yola a ƙafa da a bayan motocin kaya. Sun ga 2015, shekarar da bam ya tashi a kasuwar Jimeta a watan Yuni, ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba, ya sake tashi a Nuwamba. Filin jirgin saman Yola, wanda aka sa wa sunan Lamido Aliyu Musɗafa a 2023, ba na fasinja kaɗai ba ne. Sojojin sama suna da sansani a can, kuma daga nan ne wani jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet ya tashi ranar 12 ga Satumban 2014 da matuƙa biyu, bai dawo ba. Dokar kare sirrin gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoton wuraren tsaro, kuma har yau tana aiki. Saboda haka duk wanda ya tsaya a jikin shingen filin jirgi yana ɗaukar jiragen soja, ko ya hau Facebook yana sanar da duniya cewa yanzun nan biyu suka tashi suka nufi arewa, ba sha'awa yake yi ba, ganganci yake yi da rayukan mutane. A nan Baffa ya yi gaskiya.

Sai dai jirgin da saurayin nan ya bi da wayarsa na fasinja ne, ya taso daga Abuja, tafiyar kamar awa guda. Lokacin tashinsa da na saukarsa a rubuce suke a jikin tikitin da ake sayar wa kowa, kuma manhaja irin Flightradar24 tana nuna inda yake a sama ga duk mai data. Babu sirri a cikinsa. Haka manyan jiragen alhazai da ke kwasar maniyyata daga Yola kowace shekara: ga iyalin da Goggonsu ke ciki, wannan ɗigon da ke shigewa cikin gajimare shi ne hoton da ya fi kowane daraja a gidan. Abin da ya kamata hukumomin filin jirgi su yi mai sauƙi ne. Su kafa alluna da Hausa da Fulfulde da Turanci, su faɗi inda aka hana ɗaukar hoto, domin a san iyaka. Idan ba a shata ta ba, kowane mai gadi shi ne doka, kuma wayar talaka ce ke shan ƙasa.

Zargin baƙo mai rubuce-rubuce ba sabon abu ba ne a garin nan. A watan Yunin 1851, shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa Yola, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ƙetare Binuwai ya iso da takardu daga Borno. Lamido Lawal bai amince da shi ba, kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi. Lamidon yana da hujjarsa, domin shekara hamsin bayan nan, a 1901, Turawan Ingila suka zo da bindiga suka ci garin. Amma yau duk mai son sanin kamannin Yola ta wancan zamani, sai ya koma ga abin da wannan baƙon ya rubuta. Haka zancen jiragen ruwan da a da suke hawowa Binuwai da damina, su tsaya a Jimeta, wasu su wuce har Garwa ta Kamaru. Tsofaffi suna ba da labarinsu, amma jikokinsu in suna son gani da ido, galibi sai sun nemi hoton da wani Bature ya ɗauka ya tafi da shi ƙasarsu. Yanzu da kyamara ta shiga aljihun kusan kowane saurayi, abin kunya ne a sake barin wannan aiki ga baƙi.

A ɓangaren namun daji ma hasarar ta fi saurin zuwa. In aka ce namun daji, hankali kan tafi Gashaka-Gumti, gandun dajin da ya fi kowane girma a Najeriya, wanda ya ratsa Taraba da kudancin Adamawa. Tafiya ce mai nisa da tsada. Amma ɗan Luggere ba sai ya je can ba. Ga balbela tana bin shanu a fadamar tafkin Gerio. Ga shirwa tana shawagi a saman mahauta. Ga jemagu suna fita da magariba, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin kogi, kamar an bar shi gadi. Ga shamuwa, wadda ke yin rani a can kudancin Afirka, ta dawo ta yi sheƙa a cikin gari dab da saukar damina, har manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Akwai ma wata kurciya da masana tsuntsaye na duniya suke kira da sunan Adamawa, alhali da yawa daga cikin 'yan jihar ba su taɓa jin labarinta ba.

Sai ungulu. Duk wanda ya kai shekara arba'in a Arewa ya san lokacin da take cika kwata da bayan kasuwa, tana tafiya a ƙasa kamar kaza, ba wanda ya kula ta. Yau yaro zai iya gama firamare bai ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wannan nau'in ungulu a sahun waɗanda ke dab da ɓacewa, saboda guba da kuma farautarta da ake yi ana sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu. Ba wanda ya ɗauke ta hoto a lokacin da take da yawa, domin wa zai ɓata fim a kan ungulu? Da a ce wani "mai zaman banza" ya riƙa ɗaukar rufin kwata sau ɗaya a wata, yana rubuta kwanan wata, da yau an san shekarar da ta fara raguwa a Jimeta.

Wannan ba mafarki ba ne, domin akwai masu jiran irin wannan bayani. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take gudanar da aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai suna shiga da waya suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ba a tambayar digiri. Hoton da ɗan unguwa ya ɗauka a kan katangar gidansu yana iya zama shaidar da ta tabbatar cewa tsuntsu kaza yana nan a wata kaza.

Wayar hannu tana da iyakarta, gaskiya. Jawo hoto da yatsa ba ya kusanto da komai, faɗaɗa ɗigon kawai yake yi har ya dagule, shi ya sa jirgin ya fito kamar ƙuda. Maganin shi ne haƙuri da sanin lokaci: hasken hantsi da na bayan la'asar, rana a bayan mai ɗauka, gwiwar hannu a jingine da katanga. A ajiye kasko da ruwa a tsakar gida a watan Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsuntsayen da kansu za su zo. Dorina kuwa, wadda har yanzu ake gamuwa da ita a Binuwai da Gongola, daga nesa ake gaishe ta.

Abin da ya fi saurin sauyawa shi ne unguwar kanta. Sunan Luggere da Fulfulde yana nufin kwari, wuri mai gangare, kuma mazauna Jimeta sun san abin da ruwa ke yi in ya sami gangare da kwalbatin da leda ta toshe. Sun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo. Hoton shatin ruwa a jikin bango, mai ɗauke da rana da wata, ya fi dogon ƙorafi amfani a gaban kansila ko jami'in agaji. Gani ya kori ji. Sannan ga abubuwan da ke wucewa ba sallama. 'Yan acaba sun cika titunan nan kafin a hana su, Keke Napep ya gaje su. Mahaɗar da aka sani da shataletale ta koma gadar sama a zamanin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri. Yaron da aka haifa bana zai ɗauka haka Allah ya halicci garin.

Akwai waɗanda suka riga suka nuna hanya. A Maiduguri, Fati Abubakar ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum a 2015, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da kango, ta riƙa sakawa a Instagram har manyan jaridun waje suka ɗauka. A Bamako, Malick Sidibe ya shafe shekaru yana ɗaukar samarin unguwa a wurin rawa da bakin kogin Neja. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venis. Ba wanda ya je wata ƙasa neman abin ɗauka a cikinsu.

Amma unguwa ba daji ba ce, mutane ne a ciki, kuma suna da mutunci. Ba a ɗaga waya a leƙa tsakar gidan maƙwabci. Ba a ɗaukar matar aure a bakin famfo ba da saninta ba, ba a mai da almajiri ko mai taɓin hankali abin dariya don neman mabiya. "Adda, in ɗauki tukunyar ƙosan nan?" ba ta cin ko sisi, kuma sau da yawa amsar ita ce, "Bari in gyara mayafi." Sai kuma hattara da 'Yan Shila, waɗanda suka ari sunan ɗan tantabara amma aikinsu na shirwa ne: waya a sama, hankali a sama, kafin a sauke kai an fauce.

Nan ma babbar matsalar take, domin hotunan Jimeta na shekaru goma da suka wuce yawancinsu sun tafi tare da wayoyin da aka sace, ko suka faɗa ruwa, ko aka goge don a sami wurin sabon bidiyo. Wanda aka tura ta WhatsApp ya tsira, amma an matse shi, an kuma cire masa bayanin rana da wurin da wayar ta rubuta a cikinsa, sai fa in an tura shi a matsayin fayil. Tsofaffin masu situdiyo sun fi wayo: suna wankewa, su buga hatimi a baya. Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya da gidan tarihin fadar Fombina duk suna nan kusa, kuma ko ɗaya daga cikinsu zai iya buɗe rumbu ya ce kowace unguwa, daga Luggere zuwa Doubeli, Rumde da Karewa, ta kawo zaɓaɓɓun hotunanta a ƙarshen shekara. Kafin su motsa, saurayin bakin shagon caji zai iya zaɓar goma a cikin ɗaruruwan da ke wayarsa, ya kai a wanke masa, ya juya bayan kowanne ya rubuta sunan layi da kwanan wata da biro. Ɗaya daga ciki ya zama na Baffa a kan bencinsa, in ya yarda.