Wa Ya Kamata a Ba Amanar Saita Injin Turbo?

Tsohuwar Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, da sukudireba ake saita ta. Makanike zai kasa kunne, ya murɗa kusar kafireto kaɗan, ya gyara lokacin tartsatsin fulogi, shi ke nan. In ya yi kuskure mota ta riƙa shan mai ko mutuwa a danja, a komo a sake. Da yawa daga cikin motocin da ke shigowa yanzu ba haka suke ba. Honda Accord ta 2018, da Mercedes C300 ta 2015, da Volkswagen Golf GTI, ƙananan injuna gare su waɗanda aka ɗaura wa turbo, kuma kwamfuta ce ke sarrafa su, wato abin da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Daga nan wata sana'a ta bunƙasa: mutum zai jona kwamfutarsa da motarka, ya sauya umarnin da masana'anta ta rubuta, inji ya ƙara ƙarfi ba a kwance kusa ko ɗaya ba. Golf GTI ta 2013 da ƙarfin doki 220 ta fito, amma masu saiti a Turai da Amurka kan yi alkawarin kai ta kusan 300.

Ban ce kada a yi ba. Ra'ayina shi ne, mai saitin da ya cancanci a miƙa masa makulli shi ne wanda ke aunawa kafin ya taɓa, kuma yake iya ce wa mai mota a'a. Wanda ya faɗa maka ƙarfin da zai ƙara kafin ya tambayi irin man da kake sha, wuce shi.

Domin mu fahimci dalili, sai mu dubi aikin turbo. Inji, kamar jikin ɗan Adam, da iskar oksijin yake ƙona abincinsa. Kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da muke shaƙa oksijin, kuma kafin giram 1 na fetur ya ƙone sarai yana buƙatar giram 14.7 na iska. Ke nan iska ce ke iyakance ƙarfin inji. Ƙarin mai ba tare da ita ba baƙin hayaƙi kurum zai haifar. Dabarar da wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905 ita ce a sa hayaƙin da ke fita ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda guda da ita, wadda ke danna iska cikin silinda. Zuga-zugin maƙeri ne, illa dai a nan wuta ce ke zuga kanta. Farfelar kan yi juyi fiye da 150,000 a minti guda, cikin hayaƙin da zafinsa kan haura digiri 900. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ke karkatar da rarar hayaƙi idan matsin iska ya kai iyaka. Babban aikin mai saiti shi ne ya umarci ƙwaƙwalwa ta jinkirta buɗe wannan ƙofa, sa'an nan ya daidaita yawan mai da lokacin tartsatsi.

To, ina wannan ƙarin ƙarfi yake ɓoye tun farko? Ɗalibin nazarin halittu ba zai sha wahalar amsawa ba. Zuciyar baligi, yana zaune, kan tura jini kimanin lita 5 a minti guda, amma in ya sheƙa da gudu takan kai 20 ko fiye. Mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya alhali biyu gare shi. Wannan rara ajiya ce domin ranar zazzaɓi, da ranar ƙishirwa, da kwanakin tsufa. Haka masana'anta ke barin rara a inji, domin ta san motar za ta haɗu da mugun mai, da zafin rana, da direban da ba ya juye baƙin mai kan kari. Mai saiti ba ya ƙirƙiro ƙarfi, daga cikin wannan ajiya yake ciro shi. Tambayar ita ce nawa zai ciro, nawa zai bari.

A nan ne ƙasarmu ta shigo cikin maganar. Duk wanda ya taɓa hura tayar keke ya ji yadda famfo ke ɗaukar zafi, domin iska in an matsa ta zafi take yi. A ƙa'ida, wutar da fulogi ya tayar takan bazu a hankali cikin silinda ta tura fistin ƙasa. Amma in zafi da matsi suka wuce kima, ragowar haɗin mai da iska sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi. Ana jin ƙararsa kamar tsakuwa a gwangwani. Wannan shi ne ƙwanƙwasar inji, kuma in ta yi tsanani tana fasa gefen fistin, ta ƙona gaskit, har ta kai ga abin da direbobi ke cewa inji ya buga. Juriyar fetur ga wannan fashewa ita ake aunawa da lambar oktan. A Turai man yau da kullum 95 ne, na musamman 98. A Nijeriya ƙa'idar da aka gindaya 91 ce a mafi ƙaranci, kuma iri ɗaya ake sayarwa a gidan mai, babu zaɓi. Ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a watan Fabrairu na 2022 ba. Sai a haɗa da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, wanda kan wuce digiri 40. Lagireton da ke sanyaya iskar turbo da iskar waje yake aiki, ba zai iya sanyaya ta fiye da iskar da ke kaɗawa a kan titi ba. Saboda haka saitin da aka rubuta wa mota a Jamus, mai shan 98 cikin sanyi, in aka kwaso shi daga intanet aka zuba wa 'yar'uwarta a Kano, tamkar an ba jinjiri ƙwayar maganin babba ne. Abin takaici, wannan kwaso-ka-zuba shi ne aikin da ya fi arha, kuma shi ya fi saurin nuna ƙarfi a ranar farko.

Wani zai ce ai ƙwaƙwalwar mota tana da na'urar sauraron ƙwanƙwasa, tana jinkirta tartsatsi in ta ji ta. Gaskiya ne, amma gyaran nata yana da iyaka. Kuma akwai masu saitin da ke toshe wa na'urar kunne don kada ta rage musu ƙarfin da suka yi alkawari. Wannan daidai yake da likitan da ya ɓoye ma'aunin zafi don kada a ce majiyyaci na da zazzaɓi.

Mai saiti na ƙwarai da binciken lafiya yake farawa. Zai auna matsin kowace silinda, ya dubi fulogi da nozul, ya laluba ko tiyon iska na yoyo, musamman in motar 'yar Kwatano ce da ta riga ta ci dogon zango. In bai gamsu ba zai ce a gyara tukuna. Sa'an nan zai jona na'urarsa ta 'yar kafar da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, ya naɗi bayanan inji yana cikin aiki: matsin turbo, zafin iskar da ke shiga, sau nawa ƙwaƙwalwa ta jinkirta tartsatsi, da kuma haɗin mai da iska, wanda a lokacin da aka take totur ake saukar da shi wajen 12 domin rarar man ta sanyaya silinda. Ka nemi ya nuna maka waɗannan alƙaluma, na kafin saiti da na bayansa. In yana da na'urar awon ƙarfi, wadda mota ke gudu a kan nadi tana tsaye wuri guda, to ya gwada sau da yawa a jere bayan inji ya ɗau zafi. Gwaji ɗaya da sanyin safiya ba ya gaya maka abin da zai faru a hanyar Kano zuwa Zariya da tsakar rana, mota cike, na'urar sanyi a kunne. Kada kuma ka tafi sai ya ajiye maka kwafin saitin asali.

Akwai wani abu da, a matsayina na malamin nazarin halittu, ba na sassautawa a kansa. A cikin salansa akwai matacin hayaƙi da makanikai ke kira indomi, mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, wanda ke mai da iskar kabon monoksaid da sauran guba zuwa abin da bai kai su illa ba. Kabon monoksaid na kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu. Mai saitin da ya ce a cire indomi don mota ta yi numfashi, sa'an nan ya kashe fitilar gargaɗi, da huhun 'yan talla da 'yan makarantar da ke bakin titi ya biya kuɗin gudunka. Wanda ke shakkar cewa rubutun kwamfuta kaɗai na iya canza abin da ke fita daga salansa, ya tuna abin kunyar Volkswagen na 2015, da ya shafi motocin dizal kusan miliyan 11.

Hujjar da masu saiti suka fi kawowa ita ce, kamfanoni kan sayar da inji iri ɗaya da ƙarfi daban-daban don ciniki kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai Golf R mai ƙarfin doki 300, wadda injinta dangin na GTI ne, an ba ta turbo mafi girma, da fistin daban, kuma tayoyinta huɗu ne ke ja. Kamfanin bai tsaya ga sauya rubutu ba. Kuloci da giya suna da iyakar abin da za su ɗauka, haka ma birki. Malaman fizis na iya ba ɗalibai wannan lissafi a aji: kuzarin abu mai tafiya yana ƙaruwa ne da ninkin gudunsa a kansa, don haka motar da ta tashi daga kilomita 100 a sa'a zuwa 140, kuzarin da birki zai kashe ya ninka sau 1.96, kusan biyu ke nan, a kan tayoyin da ba a canza ba.