Lambar Da Ke Jikin Kwalin Magani

Masu iya magana sun ce riga-kafi ya fi magani. Mu kuwa a ganinmu, sanin abin da mutum zai haɗiya shi ne farkon riga-kafi.

An kafa hukumar NAFDAC a 1993, doka kuma ta wajabta kowane maganin da za a sayar a Nijeriya ya ɗauki lambar rajistarta, da lambar rukunin da aka haɗa shi, da ranar da zai lalace. Amma masu jabu sun gane buga lamba a kwali ba abu ne mai wuya ba. Saboda haka a 2010 aka fito da wata dabara, watau mai saye ya kankare wani ɗan wuri a jikin fakiti, ya aika da lambar da ke ɓoye ta wayar hannu, a amsa masa ko na gaskiya ne. Daga 2019 kuma hukumar ta kama shirin sa wa kwalaye alamar da na'ura ke karantawa, domin a bi sawun magani tun daga masana'anta har kanti.

Mun yi na'am da wannan. Ba mu manta da yara 84 da maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya halaka tsakanin 2008 da 2009 ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci.

To, amma ina amfanin lamba ga wanda bai taɓa ganin kwalin ba? A tashoshin mota da kasuwannin ƙauye ƙwaya-ƙwaya ake sayarwa, a ƙunshe cikin takarda. Wanda ya sami kwalin ma, bayanin da Turanci yake, alhali iyayenmu da yawa Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami.

Don haka muna kira ga hukuma ta hana sayar da magani tsirara, ta kuma sa a riƙa rubuta yadda ake sha da ranar lalacewa cikin harsunanmu. Mu ɗalibai kuma, musamman masu nazarin likitanci da haɗa magunguna, wajibi ne in mun koma gida hutu mu koya wa jama'a duba waɗannan lambobi. Da kuɗin talakawa ake ilmantar da mu, lalle ne mu biya wannan bashi.