Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli



Kakanmu Bazazzagi ne. Ya tafi Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna noman auduga a Jazira. A Wad Madani aka haife mu, inda ake kiranmu Takari. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso garinmu a Disamba, muka kwaso yara muka nufo gida.

Gyallesu ta karɓe mu hannu bibbiyu. Maƙwabta sun ba mu ɗaki, sun yi ta aiko da tuwo, ko da yake har yau yaran unguwa na dariyar Hausarmu mai gauraye da Larabci, suna ce mana 'yan Sudan.

Matsalarmu takarda ce, ranka ya daɗe. Ɗanmu na son shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ga harabar Kongo nan kusa da mu, amma sai da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A wani ofis aka ce mu kawo wanda ya san kakanmu. Mutumin da ya bar Zariya zamanin Turawa, wa ya rage da ya san shi?

Kai da ka yi jakadanci a Tailan ka san zaman baƙunta. Muna roƙon ka umarci hakimai da masu unguwanni su saurari dangin da suka rage, su binciki salsalar gidajen irinmu, su ba mu shaida a rubuce kafin a rufe neman gurbin karatu na bana.

Daga wani iyali a Gyallesu, Tudun Wada, Zariya.