Mu Shiga Kicin: Burodi Mai Tafarnuwa

A wannan tsadar, burodin da ya kwana ya bushe ba abin zubarwa ba ne. Da tafarnuwa da ɗan bota za ku mayar da shi abin da ƙannenku za su yi rububi a kai, kuma ko gidanku babu obin, kasko ya isa.

Asalin wannan abinci daga Italiya ne, inda ake gasa burodi, a goga masa tafarnuwa, a yaryaɗa man zaitun. Italiyawan da suka koma Amurka da zama su ne suka yaɗa yin sa da bota.

Kayan haɗi:
Burodi yanka 6
Tafarnuwa ƙwaya 3
Bota babban cokali 3
Lawashi kaɗan
Gishiri ɗan mitsitsi

Yadda ake yi:
Ku ɓare tafarnuwar, ku daka ta da gishirin har ta yi laushi, sai ku bar ta ta huta kamar minti 10. 'Yan ajin kimiyya, ga dalili: tafarnuwar da ba a fasa ba ba ta da wani ƙamshi sosai. Dakan ne ke haɗa sinadaran da ke cikinta, su samar da wani sinadari mai suna alisin, wanda shi ne mai ƙamshin da yajin.

Daga nan ku yayyanka lawashin ƙanana, ku cakuɗa shi da botar da tafarnuwar. Ku shafa a fuska ɗaya ta kowane yanka, har bakin gefe.

Ku ɗora kasko a wuta kaɗan. Ku fara gasa fuskar da ba a shafa ba na minti 2, sannan ku juya mai botar ƙasa na kusan minti 1, har ta yi ruwan zuma. A nan duk sirrin yake: tafarnuwa ba ta son wuta mai ƙarfi. Da ta ƙone sai ta yi ɗaci, aikinku ya tashi a banza. In gawayi ne, ku bari ya zama garwashi tukuna. Kada ku ɗora ku tafi danna waya.

Zafin nan ne ke sake tausasa sitacin da ya sandare a cikin burodin, shi ya sa za ku ji waje ƙaras-ƙaras, ciki laushi. Ku ci da zafinsa, da shayi ko ƙwai, domin in ya huce taurin zai dawo.

A kula:
Burodin da ya bushe daban, wanda ya yi hunhuna daban. In kun ga tabo kore ko baƙi, ku zubar da shi duka, yanke wurin ba ya wadatarwa.
Kada ku ajiye ragowar haɗin bota da tafarnuwa a ɗaki ya kwana, yana iya haifar da guba mai haɗari. Ku haɗa daidai wanda za ku cinye.
Ku nemi izinin Umma kafin kunna wuta, musamman gas.

Sannan a goge baki kafin a tafi aji, don kada abokin zama ya kai ƙara wurin monita! Sai mako mai zuwa.