Daga Jinin Dasashi Zuwa Haƙoran Roba: Ka San Abin Da Likita Yake Nufi



Kwanakin baya wani dattijo ya shigo kantin maganinmu riƙe da takardar likitan haƙori. Ya ce, "'Yata, duba min wannan. Likita ya yi ta bayani, ni dai abin da na kama shi ne za a wanke min baki. Ni da asuwaki ba ya barin aljihuna? Ki ba ni kafso kawai in huta." Na ce, "Baba, wankin da yake nufi daban ne, kuma kafso ba zai yi wannan aikin ba."

Irin Baba suna da yawa. Mutum zai fito daga wurin likita bai fahimci kalma ko ɗaya ba, sai ya ƙi komawa, har haƙoran da za a iya ceto su zube. Shi ya sa yau za mu bi waɗannan kalmomi daki-daki.

Mu fara da dasashi, wato naman da ya kewaye gindin haƙori. Lafiyayyen dasashi yana kama haƙori gam, kuma ba ya jini idan an goge baki. Duhun launi da da yawa daga cikinmu ke da shi a dasashi halitta ce, ba cuta ba. Jini kuwa saƙo ne, ko da babu ciwo.

Idan likita ya ce "filak", yana nufin farin dattin nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Buroshi da asuwaki suna cire shi. Idan aka bar shi sai ya daskare ya zama kamar dutse, shi ake kira "tata" ko "kalkulos". Wannan kam komai gogarka ba zai fita ba, sai likita ya kankare shi da na'ura. Kankarewar ita ce "sikelin", wankin da aka rubuta wa Baba. Masu cewa sikelin yana buɗe giɓi ko yana sa haƙori girgiɗi su sani cewa tatar ce ta riga ta yi ɓarnar, cire ta kawai ya bayyana abin da ta rufe.

"Jinjibaitis" shi ne matakin farko na ciwon dasashi: kumburi, ja, jini, wani lokaci da warin baki. A wannan mataki ana warkewa sarai idan aka yi sikelin aka kuma gyara yadda ake goge baki. Kada jinin ya sa ka daina goge wurin, domin barinsa ne ke ƙara kumburin.

"Feriyodontaitis" shi ne mataki na gaba, inda ciwon ya kai ga ƙashin da ke riƙe haƙori. Dasashi yakan rabu da haƙori ya bar rami, wanda likitoci ke kira aljihu. Idan ka ji likita yana kiran lambobi yana taɓa dasashinka da wani siririn ƙarfe, zurfin wannan rami yake aunawa. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce, daga 4 zuwa sama akwai magana. Ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa da kansa, amma ana iya tsayar da ɓarnar. Masu ciwon suga da masu shan taba sun fi shiga haɗari, kuma taba tana ɓoye jinin, sai mutum ya ɗauka lafiyarsa ƙalau. Ke kuma mai juna biyu, dasashinki zai fi saurin kumbura, kuma ciki ba ya hana sikelin.

Ga abin da ya shafi fannina. Wasu magungunan hawan jini irin su amlodifin da nifedifin, da maganin farfaɗiya fenitoyin, suna iya sa dasashi ya yi kauri har ya hau kan haƙori. Kada ka daina shan su da kanka. Ka gaya wa likitan da ya rubuta. Idan kana shan maganin tsinka jini kamar wafarin, ka sanar da likitan haƙori kafin a taɓa bakinka. Kada ka ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona naman take yi. Ruwan kurkure baki mai kuloheksidin na ɗan lokaci ne, idan aka daɗe a kansa yana rina haƙora. Filajil da amoksisilin kuma suna iya lafar da kumburi na 'yan kwanaki, amma muddin tata na nan ciwon zai dawo.

To idan haƙori ya riga ya fita fa? Nan ne maganar haƙoran roba ke shigowa, waɗanda a asibiti za ka ji ana ce musu "denca". Akwai na cike giɓi, ga wanda ya rasa wasu daga cikin haƙoransa 32. Wasu roba ce zalla, wasu da ƙashin ƙarfe da 'yan ƙugiyoyi masu kama haƙoran da suka rage. Akwai cikakku, ga wanda ya rasa duka na sama ko na ƙasa. Akwai kuma na nan take, da ake sawa ranar da aka cire haƙori. Kafin a ƙera kowanne sai an ɗauki "imfireshan", wato zubin siffar bakinka da wani abu mai laushi kamar ƙullu.

Bayan cire haƙori ƙashin wurin yana raguwa, musamman a watannin farko, don haka haƙoran roba sukan yi sako-sako. Gyaran shi ne "rilainin", a ƙara musu ciko daga ciki su sake zama daidai. Kada ka kankare su da wuƙa, kada ka liƙa su da gam idan sun karye.

Ka cire su kowane dare. Dalili na farko, kwana da su yana jawo jan kumburi a ganɗa, wanda galibi ƙwayar kandida ke haddasawa. Dalili na biyu ya fi tsanani: ƙaramin haƙorin roba mai sako-sako yana iya zamewa cikin barci ya maƙale a maƙoshi, kuma roba ba ta fitowa sosai a hoton eksire. Wanda hakan ta same shi a garzaya da shi asibiti, kada a ɗura masa tuwo ko ayaba wai don ya wuce.

Ka wanke su da buroshi mai laushi da sabulu marar ƙarfi, a kan kwano mai ruwa don kada su faɗi su fashe. Man goge baki yana karce su, ruwan zafi kuma yana lanƙwasa su. Su kwana a cikin ruwa mai tsabta, inda yara ba za su kai ba. Sauran haƙoranka kuwa, a goge su sau 2 a rana, minti 2, da man da ke da fuloraid.

Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa irin su LUTH da ke Idi-Araba a Legas da UCH a Ibadan, da manyan asibitocin gwamnati da dama. Idan ka je, ka yi tambaya uku: wane mataki nake, ƙashi ya taɓu, yaushe zan dawo? Wanda ya biya kuɗin kati yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da zai gane.

Sai mako mai zuwa, da yardar Allah.