Wa Zai Rubuta Labarin Kakuri?



Duk wanda ya ratsa Kakuri a kudancin Kaduna zai ga dogayen katangu da ƙofofi masu tsatsa, ciyawa ta cinye harabar masaƙu. A nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga baya Arewa Textiles ta zo da jarin mutanen Japan, UNTL kuma da na 'yan kasuwar Hong Kong. Auduga na zuwa daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi, a kaɗa zare, a saƙa, a buga atamfa. Dubban ma'aikata daga kowane sashe na Najeriya suna canjin aiki dare da rana, kuma a jikinsu mai tuwo da mai gidan haya da mai gyaran keke suke ci. A Arewa Textiles ɗin ne ma Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago.

Sai abubuwa suka fara lalacewa. A 1986 tsarin SAP ya rushe hukumar cinikin auduga, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi wuya, ga atamfar Sin mai araha tana kwararowa ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Ma'aikatan KTL da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama.

To, ina wannan a rubuce-rubucenmu? Mun cika shafuka da attajirin da ke tashi Dubai da safe ya dawo da yamma, alhali ga magidancin da ya yi shekara ashirin a gaban injin saƙa, ya wayi gari yana acaɓa. Ga matarsa da ta koma suyar ƙosai don yara su ci gaba da makaranta.

Wani zai ce tarihi aikin malaman jami'a ne, mai karatu kuma nishaɗi yake nema. Malamai za su kawo alƙaluma, amma ranar da aka rufe ƙofa, da abin da mutum ya faɗa wa iyalinsa da ya koma gida, sai mai ƙirƙirar labari. Soyayyar ma ai an yi ta a Kakuri, an yi aure da albashin masaƙa, wasu auren kuma rufewarta ce ta kashe su.

Tsofaffin ma'aikatan nan suna raye a Kakuri da Makera da Nasarawa, amma kullum raguwa suke yi. Mu je mu zauna da su, mu tambayi yadda injin ke aiki, da sunayen da suke kiran sassan masaƙa, mu naɗa a waya. 'Yan Kano su nufi Sharaɗa da Bompai, can ma akwai irin wannan kufai. Waiwaye adon tafiya ne, kuma wanda ya samo wani abu ya kawo mana nan mu karanta tare.

Allah Ya ƙara basira.