MAI SHANU YA BIYA ƁARNA

Daga Gwiwa

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa. Kowa a Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura ya san doka guda: in shanun wani suka faɗa gonar wani suka cinye gero, mai shanu shi ke biyan ɓarna. Ba a ce wa mai gona ya zo ya karɓi rance. To, yau an ci gonarmu, masu shanu kuwa sun ƙi biya.

Ku tambayi dattawanmu. Sun ga farin 1973, sun ga na 1984. Yanzu kuwa damina ta rikice. Ruwa ya makara, a yi shuka ta ƙone, sa'an nan ruwan wata guda ya zubo cikin 'yan kwanaki ya rushe gidajen ƙasa. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jihar Jigawa kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. In gona ta lalace tiyar hatsi ta tashi, mai sayarwa da mai saye duk su koka.

Mene ne sanadi? Tun da Ingila ta fara masana'antu, shekara fiye da 200 ke nan, ƙasashe masu arziki suke ƙona kwal da fetur da gas. Hayaƙin ya taru a sama ya lulluɓe duniya kamar bargo, zafi ya shiga ya kasa fita. Iska mai zafi kuwa tana busar da ƙasa da sauri, tana kuma ɗaukar ruwa da yawa ta juye shi gaba ɗaya. Amurka kaɗai ta fitar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukan hayaƙin nan. Afirka duka, abin da take fitarwa a shekara bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Ba'amurke ɗaya yana fitar da abin da ya fi na 'yan Nijeriya 20. Su suka sha romo, mu muka ƙone baki.

Sun yi alkawari, ba su yi ba? Sun yi! A 2009, a birnin Kofanhagen, suka ce kafin 2020 za su riƙa ba ƙasashe matalauta dala biliyan 100 kowace shekara. Ba su cika ba sai 2022, kuma mafi yawan abin da gwamnatocinsu suka bayar rance ne. A 2022, a Masar, aka yarda a kafa asusun biyan hasara. A 2023, a Dubai, abin da aka yi alkawarin zubawa ciki bai kai dala biliyan ɗaya ba. A 2025 Amurka ta ce ta fita daga yarjejeniyar Faris gaba ɗaya. Jama'a, wane alƙali ne zai yarda mai shanu ya tashi daga zaman shari'a ya kaɗa rigarsa ya tafi?

Abin takaici, sai a juyo kan talaka. Wai murhun matarsa ne ya kawo hamada. Mun yarda sare itace ɓarna ne, kowa ya dasa ya kuma raya. Amma matar da ba ta da kuɗin gas, ba ta da na kananzir, da me za ta tuƙa tuwo? Ga shi ana ta ƙona gas a banza a rijiyoyin man Neja Dalta, dare da rana, shekara da shekaru.

Saboda haka abu biyu muke nema. Na ɗaya, wakilan Nijeriya su daina zuwa taron duniya da ƙoƙon bara. Kuɗin nan diyya ce, a karɓe ta da sunanta, ba ruwa ba sharaɗi. Na biyu, duk abin da ya shigo, da kuɗin da gwamnatin tarayya ke warewa don gyaran muhalli, a faɗi adadinsa a fili, mu gan shi a magudanar ruwa da rijiyoyin noman rani da irin gero mai saurin nuna.

Ran kasuwa, in ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo, kada ku tsaya ga gaisuwa. Ku tambaye shi nawa aka karɓa, ina kuma aka kai. Hakkinku ne.